Amshin da Aka Cire

Ina tsaye a kan tukunyar shinkafa, a madafar da nake aiki a unguwar Ka'akiyya, nan Makka, wayata ta yi ƙara. Lambar Najeriya ce. Saura kaɗan in ƙi ɗauka, don aikin Hajji ya matso, kuma duk wanda ya tuna da ke daga gida a irin wannan lokaci, ko masauki yake nema ko kuma so yake ki riƙe masa tsohuwarsa a ɗawafi. Na dai goge hannu a zani na ɗauka.

Wani mutum ne mai magana a natse. Ya ce daga Kano yake, kamfaninsu yana sake fitar da tsofaffin wasannin talabijin. Ya tambaya ko ni ce 'yar mai gurmin nan da ya koma Makka. Rabon da in ji an kira Baba da wannan suna har na manta. Sai da na waiwaya na ga babu mai saurare a cikin abokan aikina, sannan na ce ni ce.

"Hajiya, kin san wasan barkwancin nan na gidan haya, na tela da mai gida da ba sa ga-maciji?" in ji shi. "Mun karɓo kaset-kaset ɗinsa daga gidan talabijin, mun wanke su, za mu fitar a faifai da waya cikin makon Babbar Sallah. To kiɗan buɗe shirin na mahaifinki ne. A wancan zamani da baki aka yi magana, kuma a sa a talabijin kawai aka ce. Yanzu doka ta ce sai mai kiɗa ya yarda kafin a fitar wa mutane. In bai yarda ba, dole mu yanke nasa mu sa na kwamfuta."

Na ce masa su yanke kawai, Baba ya bar wannan harka tun ban yi wayo ba.

"Haka aka gaya mini," ya ce. "Abin da ya sa na dage, akwai wata mace da take yi masa amshi a waƙar. Ban taɓa jin murya irin tata ba. Asara ce a ce an cire."

Matar nan mahaifiyata ce. Inna ta rasu ina 'yar mitsitsiya, ban riƙe komai nata ba sai hoto ɗaya da ya koɗe. Na san ta taɓa yi wa Baba amshi, a bakin mata na ji, amma ban taɓa zaton muryar tana nan a wani wuri ba.

Na roƙe shi ya turo mini in ji, ko da baiti ɗaya. Ya ce ba zai iya ba, yarjejeniyarsu da gidan talabijin ta hana, kuma abin da ba su samu izininsa ba ko a kwamfutarsu ba sa bari, gogewa suke yi. Kaset ɗin kuma zai koma sito, inda rabin 'yan uwansa suka riga suka yi fumfuna. Na ce to a cire gurmin a bar muryar. Ya ce sun gwada, da makirfo ɗaya aka ɗauki komai, muryar ta koma kamar ta wanda ya faɗa rijiya, kuma waƙar kanta ta Baba ce, ko babu gurmi sai da izininsa. Ya ba ni zuwa jajiberin Sallah. A ranar sai da shinkafar ta kama, na sha faɗa a wurin mushrif, wato shugaban aikinmu, ban ma ji abin da yake cewa ba.

Sai an san Baba za a gane girman abin da aka ɗora mini. Bayan rasuwar Inna wani attajiri ya ba shi kujerar Hajji. A Arfa, a gindin Dutsen Rahama, ya yi wa Allah alkawarin ya bar kiɗa har abada, hannunsa da bakinsa. Da ya koma Kano ya fasa ƙoƙon gurmin, ya tara kaset-kaset ɗinsa ya cinna musu wuta a tsakar gida. Daga baya ya samu aikin tura keken tsofaffi a Harami, ya yi iƙama, wato takardar zaman ƙasa, ya ɗauko mu ni da wana, Yaya. A unguwar Tandabawi muka tashi, kafin rusau ya koro mu nan. A gidanmu ko faranti ka ƙwanƙwasa da yatsu sai Baba ya ɗago ya dube ka, kuma kallo ɗaya ya isa. Sunan Inna kuwa ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba. In ta kama dole, "uwarku" yake cewa, ya wuce da sauri.

Ba a tsallake babba, don haka wurin Yaya na fara zuwa. Shi ya yi karatun addini a nan, yanzu yana koyar da hadda. Ya saurare ni har na gama, yana juya kofin shayi.

"Ke dai ba kya gajiya da tono," ya ce. "Mutum ya tuba, ya wanke hannunsa, yanzu da tsufansa ki ce ya dawo? Duk wanda ya kunna abin nan, a kan wa za a rubuta? Har ita Inna a kabarinta. Kin yi tunanin wannan?"

Na yi tunaninsa mana. Abin da ya hana ni barci ke nan tun daga ranar da aka kira ni. Amma jin sa daga bakin Yaya ya sa zuciya ta ɗebe ni.

"Kai ka ji muryarta," na ce. "Ta goya ka, ta yi maka faɗa, ta kira ka cin tuwo. In ka rufe ido kana jin ta. Ni in na rufe nawa me zan ji? Da sauƙi ƙoshasshe ya yi wa mai yunwa wa'azin azumi."

Ya ajiye kofin. Ya ce, "Ni ma ta fara ɓace mini." Ya ce ba zai taya ni ba, amma ba zai tare mini hanya ba. A wurin Yaya wannan babbar kyauta ce, na karɓa na tashi.

Baba a wurina yake zaune tun da gwiwoyinsa suka ƙi. Na yi kwanaki ina zagaye maganar. In kai masa abinci in dawo da ita a bakina, in kai masa magani in dawo da ita. Mutumin Kano kuma yana ta turo saƙo, "Hajiya, ana ciki dai?" Ran nan bayan la'asar na same shi a kan dardumarsa kusa da taga, yana jan carbi, na durƙusa can gefe. Na fara da lafiyar ƙafarsa, na bi ta zafin bana, na bi ta tsadar tumatir. Ya bar ni na yi ta kewaye.

"Uwata," ya ce, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ba tumatir ya durƙusar da ke ba."

Na gaya masa komai, kaina a ƙasa. Da na ambaci gurmi carbin ya tsaya a hannunsa.

"Ki ce musu a'a."

"Baba, akwai kaffara ga wanda ya..."

"Ba rantsuwa na yi wa mutum ba. Alkawari na yi, kuma kin san inda na yi shi."

A tarbiyyar da aka yi mini nan ya kamata in ce to, in tashi. Ƙafafuna ma sun fara miƙewa da kansu. Amma na san in na fita daga ɗakin nan an gama. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗago na dubi idonsa.

"Baba, muryar Inna tana ciki. Ita kaɗai ta rage a duniya. Ban taɓa jin muryar uwata ba, ina so in ji kafin in mutu."

Na zaci zai daka mini tsawa. Bai yi ba, ya kawar da kai wajen taga. Can ya ce in tashi in ba shi wuri. Na fita, na tsaya a bakin ƙofa ina jin ƙarar mukayyif, abin sanyaya ɗaki, don shi kaɗai ke motsi a gidan.

Washegari da hantsi ya kira ni da Yaya. Ya ce ya yi tunani. Abin da aka ɗaura a Arfa, a Arfa ake kwance shi, ranar Arfa, a wurin da aka ɗaura. Zai je ya tsaya a gindin dutsen ya roƙi Allah ya sauwaƙe masa wannan guda ɗaya, in ya ji zuciyarsa ta saki, to a ce wa mutanen Kano ya yarda.

Yaya ya gyara zama. Ya ce cikin ladabi, wannan ba shi da asali a littafi, Allah yana ji daga Ka'akiyya kamar yadda yake ji daga Arfa. Baba ya ce ya sani, shi ma ba littafi ya buɗe ba ranar da ya yi alkawarin. Ni kuwa lissafina daban ne. Yanzu ba a shiga Arfa sai da tasrihi, takardar izini, kuma an rufe rajista tuntuni. Zamanin da Baba yake tunawa, da mutanen Tandabawi suke ɗaukar tabarma da buta su fita a ƙafa, ya wuce. Duk hanya akwai shinge, kuma wanda aka kama ba shi kaɗai abin zai shafa ba, iƙamarmu gaba ɗaya ce a kan siraɗi.

Na zaga ko'ina. Na roƙi mushrif ya sa sunan Baba cikin ma'aikata, ya dube ni kamar na zare, ya ce da Larabci, tsohon da ba ya iya tsayuwa zai ɗauki tukunya? Wani direba ya ce zai iya kwantar da shi a bayan motar kankana, na ce Allah ya kiyaye, ba zan kashe ubana don in ji uwata ba. A ƙarshe ni na kawo shawarar da nake cizon yatsa a kanta har gobe. Ni ina da tasrihin aiki, za mu dafa wa alhazai a Arfa. Na ce zan je gindin dutsen da waya, in kira shi ta bidiyo, ya ga wurin da idonsa ya yi addu'arsa.

Baba ya yi ta nazari. Ya ce, "Jini ɗaya ne. In ƙafarki ta taka, tawa ce ta taka." Ya kwatanta mini wurin, ɓangaren da ke duban alƙibla, inda wani ƙaton dutse ya jingina da ɗan uwansa. Na kira mutumin Kano na roƙe shi, ya ce zai jira ni har washegarin Sallah, daga nan ba shi da iko.

Ranar Arfa tun safe muke kan wuta. Zafin tanti daban, na tukwane daban, kuma an hana mu riƙe waya, don haka tawa a cikin safa take. Muka sallami abincin rana, muka shiga wanke-wanke. Ina ta satar kallon rana tana gangarawa, mushrif kuma ya kafe a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Da la'asar ta yi na ce masa cikina ya juya. Ya ce yalla, in yi sauri. Na bi ta bayan banɗakuna na fita.

Dutsen ga shi ana hangowa, amma isa gare shi aiki ne. Mutane ne ko'ina, farare fat, hannaye a sama, wasu suna kuka, wasu a kwance ana zuba musu ruwa. Ni kaɗai ce cikin rigar aiki ina kutsawa ina ba da haƙuri da harshe biyu. Wani askari, cikin jami'an tsaro, ya tare ni ya duba katin wuyana, ya ce nan ba wurin aikina ba ne. Na ce saƙo aka ba ni. Ban yi ƙarya ba. Ya ɗaga hannu na wuce.

Na samu duwatsu biyu da suka jingina da juna. Ko su ne ko ba su ba ne, Allah masani, irinsu sun fi a ƙirga. Na ciro wayar, ta yi zafi kamar an ɗauko ta daga murhu. Na kira, ta ƙi shiga. Na sake, ta ƙi. Kowa a filin nan ɗaga waya yake yana nuna wa danginsa. Ina ta kira ina cewa ya Allah, ya Allah, har ta shiga.

Fuskar Baba ta fito. Ya yi wanka, ya sa farar riga da hularsa ta Juma'a, Yaya ne ke riƙe masa wayar. Na juya tawa na nuna masa wurin.

"Nan ne," ya ce. "Ɗan matsa dama. Nan ne."

Na ɗaga wayar sama da hannu biyu. Na ji ya fara, ya yi hamdala, ya yi salati. Sannan ya ce, "Ya Ubangiji, ni ne na tsaya a nan na yi maka alkawari. Yau na dawo ina roƙon..." Hoton ya daskare, bakinsa a buɗe. Sai wayar ta yi baƙi, ta rubuto cewa ta yi zafi da yawa.

Na hura mata iska. Na lulluɓe ta da mayafi, na roƙi wata 'yar Nijar ruwan sanyi na ɗora ta a jikin gorar. Da ta farfaɗo babu layi ko ɗigo. Na karɓi wayar matar, ita ma haka. Ina nan tsaye ina dannawa har rana ta faɗi, jama'a suka juya gaba ɗaya suka nufi Muzdalifa, suka tafi da ni kamar ruwa ya ɗauki kara. Faɗan da mushrif ya yi mini da na koma bai dame ni ba, na ce masa ya kore ni in ya ga dama.

Sai ranar Sallah da yamma na iso gida, ban ko cire takalmi sosai ba na shiga wurin Baba. Na ce zafi ne, waya ce kawai, kowa tasa ta yi haka. Na ce ya ƙarasa addu'ar a nan, ai ya riga ya fara a can.

"Uwata," ya ce, "na tambaya, an ba ni amsa."

"Baba, ba amsa ba ce, batir ne da rana."

"Wa ya yi ranar?"

Na juya wurin Yaya. Wallahi ya yi ƙoƙari, shi da ya ce ba zai taya ni ba. Ya kawo aya, ya kawo bayani, ya ce ba a karanta nufin Allah a jikin na'ura. Baba ya saurare shi tsaf, ya ce Allah ya ƙara ilimi, amma shi a tsakiyar kalmar roƙo aka rufe masa baki, kuma ba yaro ba ne da za a hana shi abu ya sake miƙa hannu. Na yi kuka, na yi fushi, na faɗi maganganu har da cewa ya fi son alkawarinsa a kan 'ya'yansa. Ya ci gaba da jan carbinsa. Washegari mutumin Kano ya kira, na ce masa a'a da bakina. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya kashe.

Na yi makonni ba na haɗa ido da Baba. Ina kai masa abinci, ina gaishe shi, iyakarta ke nan. Shirin ya fito, mutanenmu na nan suka yi ta tura wa juna. Na ce ba zan kalla ba. Amma wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tarar yarana sun haɗa shi a talabijin ɗin falo, suna jira ya fara, su da rabin Hausar ma sai an fassara musu. Baba yana kan dardumarsa a gefe, ya ba talabijin ɗin baya. Na kai hannu zan kashe ke nan shirin ya buɗe.

Ga ƙofar gidan hayar, ga tela yana leƙowa da almakashi. Kiɗan da suka sa wani fiyano ne na kwamfuta, ƙil-ƙil-ƙil, irin wanda ake sa wa mutum in yana jiran a ɗauki waya a asibiti. Raina ya ɓaci har na ji ɗaci a bakina.

Sai na lura da hannun Baba. Carbin yana ƙasa. Yatsunsa na dama suna motsi a kan gwiwarsa, ba tare da fiyanon suke tafiya ba, wani kiɗan daban suke bi, suna hawa suna sauka. Tun da nake ban taɓa ganin hannun nan ya yi haka ba. Bai juyo ba, amma ya san tsawon kowane hoto, don daidai lokacin da aka nuno matan gidan a bakin rijiya ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"Nan take shigowa," ya ce.

Na matso na durƙusa kusa da shi. Fiyanon yana ta abinsa. Yatsan yana nan a sama, yana tafiya a hankali kamar yana bin zare. Can ya tsaya cak.

"Nan kuma ta tsaya ta ja numfashi. Baitin bai ƙare ba, numfashin ne bai kai ba. Mutanen talabijin suka ce a sake ɗauka, na ce a bar shi haka." Ya sauke hannun ya laluɓo carbinsa. "Kina cikinta ranar, wata tara."

Yara suka fashe da dariya, mai gida ya zo karɓar haya tela ya shige ƙarƙashin keken ɗinki. Na ce su mayar da shi farko. Suka ce ai ba a fara komai ba a farkon, kiɗa ne kawai. Na ce su mayar dai.